Gaisuwar Tsaye

"Dogo! Kai Dogo! Fito mu ga rigar nan, ko yadi goma sha biyun ya ishe ka."

Inna Hassana ce ke ƙwala kira daga bakin murhu, tana juya gyaɗa a kasko. Ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba. Tun yana goye take ce masa Dogo, Allah kuwa ya amsa mata har abin ya so ya yi yawa. Jamaluddeen ya sunkuyo ya fito daga ɗaki cikin farar shadda, yana jan hannun rigar.

"Inna, hannun ya ɗage."

"Hannunka ne ya zarce. Tela ya ce tun da yake ɗinki bai taɓa hawa benci don ya auna mutum ba sai a kanka."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Shekara shida ke nan da ya bar gidan nan na Ƙofar Jatau ya tafi Legas buga ƙwallon kwando. Koci Bahago ne ya fara ganinsa yana ɗan shekara sha huɗu, ɗauke da buhun gyaɗar Inna, ya bi shi har gida yana roƙon a ba shi yaron. Yanzu babu wanda ya kai shi maki a kulob ɗinsu, har wani kulob na ƙasar Maroko ya aiko yana son sa, saura wata biyu da rabi a sa hannu a kwantiragi. Mako biyu da dawowarsa, komai na garin ya yi masa ƙanƙanta: lungu, gado, har tabarmar salla.

Abu biyu suka dawo da shi. Na farko kowa ya sani: Hanan, 'yar Malam Abdulwahab na Ƙofar Doka, wadda suka shekara uku suna soyayya, rabi a waya rabi a hutun salla. Yau mahaifinta ya ce ya zo ya gan shi. Na biyu kuwa mutum uku kaɗai suka sani a duk Zariya.

"Ƙafar fa?" Inna ta tambaya.

"Inna, rage murya mana, maƙwabta!"

An yi masa tiyata a gwiwar dama a ɓoye, bayan ya faɗi a wasan ƙarshe na kakar wasannin da ta wuce. Yana iya tafiya daidai, amma likita ya gargaɗe shi: idan ya lanƙwasa ta sosai kafin wata uku, ɗinkin ciki zai ɓalle, shi ke nan shi da ƙwallo. Koci Bahago kuma ya ce idan labarin ya fita, mutanen Maroko za su janye.

Inna ta sauke kaskon ta dube shi. "Gidan malamai za ka, Dogo. Can ba a gaisuwa sai gwiwa ta kusa ƙasa. Yaya za ka yi?"

"Zan rusuna iyakar ƙoƙarina."

"Ka faɗa masa gaskiya mana."

"Koci ya ce kada..."

"Kocin ne zai ba ka 'yar?"

Ya gyara hularsa ya fita.

Bayan la'asar zauren Malam Abdulwahab cike yake kamar kullum. Malam na kan buzunsa, littattafai jere a gabansa, ɗalibansa kusan goma sha biyar zaune a tabarma, duk magidanta ne, akwai 'yan kasuwa akwai tsofaffin ma'aikata. Jamaluddeen ya tuɓe takalmi ya yi sallama. Ya ɗora hannu a ƙirji ya rusuna daga ƙugu har bayansa ya amsa.

Sai dai mai irin tsawonsa ko ya rusuna yana nan a sama. Malam ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa, har sai da ya dafe hularsa.

Wani dattijo a gefe ya ce ƙasa-ƙasa, "Ikon Allah, yau rimi ya shigo zaure." Aka ɗan yi gyaran murya don danne dariya.

"Samari, zauna mana," in ji Malam, yana nuna tabarma.

Jamaluddeen ya dubi tabarmar, ya dubi idanun da ke kansa.

"Nan ma ya isa, Allah ya gafarta Malam."

Da ya san yadda maganar za ta faɗi a kunnen mutane, da ya haɗiye ta. Fuskar Malam ba ta sauya ba. Ya tambaye shi sunan mahaifinsa marigayi, ya yi masa addu'a, ya tambayi sana'arsa.

"Ƙwallon kwando nake bugawa."

"To madalla. Ka gaida gida."

Ya mayar da idonsa kan littafi.

Washegari da hantsi Malam ya shiga cikin gida ya kira Hanan, mahaifiyarta Hajiya Zuwaira na zaune. Hanan ta durƙusa.

"Shekara arba'in ina zaune a zauren nan," in ji Malam. "Alƙalai sun shigo sun tsugunna. Manyan ma'aikata sun shigo sun tsugunna. Ba don ni suke yi ba, don littattafan da ke gabana ne. Jiya yaro ya tsaya mini a ka kamar mai karɓar haraji. Na ce ya zauna, ya ce nan ma ya isa!"

"Baba, wallahi ba halinsa ba ne..."

"Tsaya in gama. Na ce ko ruɗewa ce, sai na aika aka tambayi limamin unguwarsu. Ya ce tun da yaron ya dawo ba a gan shi a sahu ba, ko sau ɗaya. Hanan, ban ƙi shi don mahaifiyarsa mai gyaɗa ce daga ƙauye ba, arzikin mutum halinsa. Ban ƙi shi don ƙwallo ba, ko da yake ban gane mata ba. Amma wanda bai rusuna wa manya ba, bai kuma zuwa inda ake rusuna wa Allah, me zan ba shi? Maganar nan ta mutu."

Ya tashi ya fita. Hanan ta kifa kai a cinyar mahaifiyarta ta fashe da kuka. Ita ce ta ukun da ta san ciwon, kuma Jamaluddeen ya sa ta yi masa alkawari da sunan Allah ba za ta faɗa wa kowa ba.

Hajiya Zuwaira ta ɗago fuskarta. "Ke dube ni. Wannan kukan na wadda ta san wani abu ne. Faɗa mini."

"Amana ce, Umma."

"Amanar da za ta raba ki da shi?"

"Ko da za ta raba mu."

Hajiya ta share mata hawaye, ta ce, "To Allah ya sa ya san darajarki."

Da ta samu ta natsu, Hanan ta kira shi.

"Yaya Jamal, ka sake ni daga alkawarin nan, in je in faɗa wa Baba."

"Hanan, filis, wata biyu da rabi kawai. Da na sa hannu zan zo da kaina in yi bayani."

"Wata biyu da rabi Baba na kallonka a matsayin mara salla? Ni kuma ina kallonsa na san gaskiya na yi shiru?"

"Ki gane mana! Wannan kwantiragin shi ne komai nawa. Da shi zan fitar da Inna daga gaban kasko."

"Na gane." Ta share hawaye. "Ba zan karya maka alkawari ba, ba kuma zan saɓa wa Baba ba. Ya ce magana ta mutu. Daga yau ba zan ƙara ɗaga wayarka ba sai ranar da shi ya ce in ɗaga."

"Hanan! Hanan, tsaya..."

Ta kashe.

Kwana tara ya yi yana kira, wayar na ƙara har ta gaji. Ya kasa zama a ɗaki, ya kasa fita. Ya aiki wani ɗan'uwan mahaifinsa ya roƙi Malam ya ba shi minti biyar su biyu kaɗai. Amsar da ta dawo gajeriya ce: abin da aka yi a zaure, a zaure ake gyara shi.

A rana ta goma ya tafi tsohon filinsu, wanda simintinsa ya tsattsage, kwandonsa babu raga. Koci Bahago na nan da usur a wuya, furfura ta cinye masa gemu.

"Koci, zan faɗa. Su mutanen Maroko zan fara rubuta wa, sannan in tafi wurin Malam."

Usur ɗin ya faɗo daga bakin Koci. "Kai Dogo, kana da hankali kuwa? Shekara goma muna gina abin nan! Ka san 'yan wasa nawa ke layi a bayanka? Saboda mace?"

"Ba saboda ita kaɗai ba. Koci, mako huɗu ke nan ina salla a ɗaki a kan kujera kamar ɓarawo. Ana kiran salla ina rufe ƙofa. Yarinyar nan ta zaɓi ta rasa ni da ta karya alkawari, ni kuma ina shirin sa hannu a takarda da gwiwar da masu takardar ba su san an yanka ba."

"Kowa haka yake yi a harkar nan!"

"Kai ka koya mini cewa in na taka layi in ɗaga hannu tun alƙalin wasa bai hura ba."

Koci ya mayar da usur ɗinsa baki. Ya juya ya daka wa 'yan wasansa tsawa ba gaira ba dalili. Sai can, bai waiwayo ba, ya ce, "Ka haɗa da takardun likita duka. In za a yi, a yi ta sosai."

Amsar Maroko ta zo bayan kwana biyu. Sun gode da gaskiyarsa. Sun dakatar da kwantiragin. Idan ya warke har ya buga gasar ƙasa da za a yi a Abuja, za su turo mutum ya kalle shi, amma ba su yi alkawarin komai ba.

Da wannan saƙon a aljihu ya sake yin sallama a zauren Ƙofar Doka. Mutanen ranar nan ne, har da dattijon mai zancen rimi.

"Allah ya gafarta Malam, na zo ba da haƙuri, na kuma zo da dalili."

Bai jira izini ba. Ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama, ya kwance abin ɗaurin da ke riƙe da gwiwar. Ga ta nan a kumbure, ga tabon wuƙar likita bai gama baƙi ba.

"Subhanallahi!" in ji wani.

Ya faɗi komai: faɗuwar, tiyatar, gargaɗin likita, tsoron rasa Maroko, da alkawarin da ya ɗora wa Hanan. "Na ji tsoron mutane su sani, shi ya sa na bar jam'i. Laifina ne. Yanzu kwantiragin ma an dakatar, na zo gabanka ba ni da komai."

Malam ya daɗe yana kallon gwiwar. Sannan ya cire tabaransa.

"Da wannan ka tsaya a gabana ranar nan?"

"E, Malam."

"Rufe, rufe. A shiga gida a ɗauko kujera!"

Aka kawo farar kujerar roba. Tun da aka gina zauren ba a taɓa ganin baƙo a kan kujera Malam na ƙasa ba. Jamaluddeen ya yi turus.

"Zauna, umarni ne," in ji Malam. Ya juya ga ɗalibansa. "Ku shaida. Sau nawa na karantar da ku a nan cewa a nema wa Musulmi uzuri kafin a zarge shi? Ga shi ya zo kaina, ban tambaya ba na yanke. Allah ya yafe mini." Ya dawo kan Jamaluddeen, muryarsa ta yi kauri. "Kai kuma, wa ya ce maka ciwo abin kunya ne? Ka bar sahu don kada Larabawa su ji labari? Su ke raba arziki?"

"A'a, Malam."

"To ji nan. Ban ce na ba ka ba, ban ce na hana ka ba. Ka nemi kujera irin wannan. Kullum sau biyar ka ɗauke ta da hannunka ka kai masallacin unguwarku, kowa ya gani. Ka je ka warke, ka koma kan sana'arka. Sauran magana sai mun gani."

Kafin magariba duk birni ya ji. Washegari da azahar sai ga dogon ɗan ƙwallon da ake nunawa a talabijin yana ratsa lungun Ƙofar Jatau da kujerar roba a kafaɗa. Masu shayi suka samu abin yi.

"Dogo, an koma hayar kujeru ne?"

"Ina ɗaurin auren yake, mu biyo ka?"

"Maroko ta dawo Ƙofar Jatau ke nan!"

Ranar farko kamar ƙasa ta tsage ya shige. A mako na biyu har ya fara mayar musu: "Ku zo mu je, akwai wuri a sahun gaba." Yana ajiye kujerarsa a ƙarshen sahu, kusa da tsofaffi biyu masu ciwon baya, suka zama abokansa. Tsakanin salloli yana filin Koci Bahago, yana ɗaga ƙafa da jakar yashi, yana cije leɓe. Hanan kuwa ba ta ɗaga waya ba, don Malam bai ce ta ɗaga ba. Abin da kawai ya taɓa iso shi shi ne ƙullin dabino da Hajiya Zuwaira ta aiko wa Inna, ba tare da wani saƙo ba. Ya ci ɗaya ya ɓoye sauran.

Wata uku cif likita ya ce ya warke. Ya koma kulob ɗinsa, suka tafi gasar Abuja. Wasan farko minti biyar aka ba shi. Na biyu minti goma sha biyu. Suka yi ta haurawa har wasan ƙarshe, ranar wata Asabar da yamma.

A Ƙofar Doka an tayar da janareto. Hanan da Hajiya Zuwaira na gaban talabijin, matan maƙwabta sun cika falo. Malam ya sallami ɗalibai da wuri, ya ce kansa ke ciwo. Ya shigo ya zauna can gefe da carbi, ya juya wa akwatin rabin baya.

Wasa ya ƙi daɗi. Jamaluddeen na gudu, amma duk lokacin da ya kamata ya yi tsalle sai ya ɗan noƙe. Aka tafi hutun rabin lokaci ana gabansu da maki goma sha ɗaya. Aka nuno wani Balarabe a cikin 'yan kallo yana rubutu a ƙaramin littafi. Hawaye suka zubo wa Hanan.

"Ke, kukan me kike yi?" in ji Malam.

"Baba, in bai ci ba..."

"In bai ci ba sai me? Ke kina tsammanin kwando nake jira?" Ya gyara zama. "Limaminsu ya zo mini shekaranjiya. Ya ce wata uku yaron nan bai rasa asuba ɗaya ba, ana ruwa ana tsokana, yana tafe da kujerarsa. Tun jiya na aika wa mahaifiyarsa su turo magabata ranar Juma'a. Ya ci ko kada ya ci."

Matan falo suka ɗauki guɗa.

"Baba... in kira shi?"

"Yanzu? Mutum na bakin aikinsa?" Ya ja carbi biyu. "To, tura masa a rubuce. Wa ya sani ko suna duba waya a can."

Ta ɗauko waya ta rubuta kalma huɗu: Baba ya ce e.

A ɗakin 'yan wasa, Koci Bahago ne ke riƙe da wayar Jamaluddeen, don ya biyo shi Abuja a motar haya. Ya karanta, ya kutsa ta cikin mutane ya manna masa ita a fuska.

"Karanta! In kuma ka ƙara noƙe ƙafar nan, wallahi ni zan karya ta!"

Wanda ya dawo fili bayan hutun kamar ba shi ne ya fita ba. Ya tare ƙwallo a sama ya maido ta tsakiyar fili. Ya jefa daga nesa ta shige ba ta taɓa ƙarfe ba. Goma sha ɗaya ta koma bakwai, bakwai ta koma uku. A falon Ƙofar Doka Malam ya juyo gaba ɗaya, carbin ya tsaya.

"Wai wanne ne namu? Masu kore? To me ya sa wancan ke riƙe masa riga? Wannan ai zalunci ne!"

Saura daƙiƙa shida, ana gabansu da maki ɗaya. Aka miƙo masa ƙwallo. Mutum biyu suka tare shi, ya kauce wa na farko, ya taka ƙafar dama, ita dai wadda aka yanka, ya tashi. Ya wuce hannun na biyun, ya danna ƙwallon cikin kwando da hannu biyu har ƙarfen ya girgiza. Ƙararrawa ta buga.

Ya diro ya faɗi ƙasa. A falo Hanan ta toshe baki. Sai ga shi ya miƙe da kansa, ya buga ƙafar a ƙasa sau biyu, ya ɗaga yatsa sama.

"Allahu akbar!" Malam ne a tsaye, hula a hannu. Da ya ga duk mata na kallonsa sai ya mayar da ita, ya yi gyaran murya. "Ciwon kan ma ya sauka."

Mutanen Maroko suka sa likitansu ya duba gwiwar ciki da waje, suka ba shi shekara uku maimakon biyun da aka fara magana. Shugabansu ya ce 'yan wasa masu tsalle suna da yawa, amma wanda zai rubuto da kansa ya faɗi aibinsa bai taɓa gani ba. Bayan wata guda aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam, jama'a har bakin ganuwa, masu shayin Ƙofar Jatau ne a gaba wurin rabon goro. Kwana goma bayan biki ango da amarya suka hau jirgi, Inna Hassana na sharar hawaye tana cewa a kula mata da Dogo, kada ya buga kai a ƙofar jirgin.

'Yan'uwa matasa, abin da muke ɓoyewa don kada mu rasa duniya, sau da yawa shi ke raba mu da ita, ya haɗa da mutuncinmu. Jamaluddeen bai samu Hanan ba sai da ya yarda ya rasa komai a kan gaskiya, Hanan ba ta same shi ba sai da ta riƙe amana ta kuma bi mahaifinta, tana kuka tana haƙuri. Iyayenmu kuma, Allah ya ƙara muku girma, idan yaro ya yi abin da bai yi muku daɗi ba, ku tambaye shi dalili kafin ku rufe ƙofa. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da ɗaci, amin.